Sinimar cikin mota a gabashin Pennsylvania: abin da ya rufe dubbai, da abin da ya raya ƙalilan

A ƙauyen Orefield, kusa da birnin Allentown a jihar Pennsylvania ta Amurka, akwai wani fili da ake haska fim tun ranar 15 ga Afrilu, 1934. Ba rufi, ba kujeru. Mai kallo yana shigowa da motarsa, ya biya a bakin ƙofa, ya nemi layi ya faka yana fuskantar wani ƙaton allo, ya kashe fitilu, ya kamo tashar rediyon da aka rubuta masa, ya jira duhu. Sunan wurin Shankweiler's, kuma duk Amurka babu sinimar cikin mota mai aiki da ta girme shi. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga nan akwai wasu biyu: Becky's kusa da Walnutport, da Mahoning a wajen garin Lehighton. Uku ke nan a yanki guda, a ƙasar da ta taɓa samun irinsu fiye da 4,000 a 1958, suka gaza 1,000 zuwa 1990, yau kuma saura kimanin 300.

In aka tambayi dalilin wannan durƙushewa, amsar da ke bakin kowa ita ce talabijin da kaset ɗin bidiyo. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba, domin gidajen sinima masu rufi ma sun sha wannan duka, suka kuma miƙe. Abin da ya karya sinimar cikin mota abu biyu ne da mai rufi bai damu da su ba: lokacin faɗuwar rana, da farashin ƙasar da motocin ke tsayawa a kai. Waɗanda suka rayu kuwa, kusan dukkansu sun rayu ne saboda yadda suka yi da waɗannan biyun, sai kuma ɗakin girkinsu.

Yadda filin yake

Asalin abin a tsallaken kogin Delaware ne, a jihar New Jersey. Wani mai suna Richard Hollingshead, wanda ke aiki a kamfanin mahaifinsa na kayan gyaran mota a Camden, ya yi gwaji a harabar gidansa: ya ɗora majigin Kodak ƙirar 1928 a kan bonet, ya kafa allo a jikin bishiyoyi, ya ajiye rediyo a bayan allon, har ya kunna abin fesa ruwan lambu don ya ga yadda kallo zai kasance cikin ruwan sama. Matsalar da ta fi ba shi wahala ita ce motar gaba tana tare wa ta baya. Sai ya riƙa sa katako ƙarƙashin tayoyin gaba yana canza tazara, har ya gano kusurwar da kowace mota za ta hango allo ta saman rufin ta gabanta. A kan wannan tsari ya samu takardar mallakar fasaha ranar 16 ga Mayu, 1933, ya buɗe filinsa ranar 6 ga Yuni. Senti 25 kuɗin mota, senti 25 kuɗin kowane mutum, amma ba a karɓar fiye da dala ɗaya a mota guda.

Har yau wannan tsari ne ake bi. Ana tayar da ƙasa layi-layi kamar kunyar gona, kowane layi a lanƙwashe yana rungumar allo, da tazarar kimanin mita 12 tsakanin layi da layi domin mota ta samu hanyar shiga da fita. Direba yana hawa tudun da tayoyin gaba, hancin mota ya ɗaga, gilashin gaba ya daidaita da allon. In tudun ya yi ƙasa, na baya ba ya ganin gindin hoton. In ya yi tsayi da yawa, ƙaramar mota tana goga cikinta. Sannan waɗannan tuddai suna tare ruwa, don haka filin da ba a yi wa magudana da tsakuwa ba yakan zama taɓo bayan ruwan dare ɗaya. Zamanin da aka auna yawancin filayen, motoci kusan tsayinsu ɗaya ne. Yanzu da jif da a-kori-kura suka cika hanya, dole ma'aikata su tsaya da tocila suna tura dogayen motoci layukan baya ko gefe, wanda kuma ya buɗe ƙofar but yana kallo daga baya sai a ba shi igiya ya ɗaure ta kada ta wuce tsayin rufi.

Allon kansa gini ne. Ginshiƙan ƙarfe ne a kan tushen kankare, fuskarsa falankin ƙarfe da aka shafa wa farin fenti marar ƙyalli, kuma ba a juya fuskar yamma don kada hasken faɗuwar rana ya wanke hoton farko. Babban abokin gabansa iska ce. Allo mai faɗin mita 30 da tsayin mita 15, in guguwa mai gudun kilomita 140 a awa ta buge shi gaba da gaba, nauyin da ke tura shi ya haura tan 40. Guguwar Diane ta 1955 ta rushe allon Shankweiler's da ɗakin majiginsa, aka sake ginawa da allo mai faɗi irin na finafinan wancan lokaci. Wurare da dama kuwa daga ranar da allonsu ya faɗi ba su sake buɗewa ba, don kuɗin tayar da shi ya fi ribar shekaru.

Sai sauti. Hollingshead ya kafa manyan lasifiƙu uku na kamfanin RCA a gefen allo, sai ga matsala biyu. Maƙwabta sun hana kansu barci da ƙorafi, sannan sauti yana tafiyar kimanin mita 343 ne a daƙiƙa, ga shi hoto yana isa ido nan take. Wanda ke mita 150 daga allo yana ganin baki ya motsa, sai bayan kusan rabin daƙiƙa ya ji magana. RCA ta fito da ƙaramar lasifiƙar da ake ratayawa a tagar mota a 1941, ta bazu bayan yaƙin duniya na biyu, Shankweiler's ya kafa sandunansa a 1948. Wannan ma da nasa ciwon kan: wayoyin da ke binne suna ruɓewa, tsawa tana ƙona layi guda, kuma kullum sai an samu wanda ya manta ya ja mota da lasifiƙa a taga, ko waya ta tsinke ko gilashi ya fashe. Rediyo ne ya raba gardama. Shankweiler's ya koma zangon AM a 1982, ya koma FM a 1986.

Bunƙasar ba ta da wuyar fahimta. Bayan 1945 an yi ta haihuwa, mota ta yi araha, iyalai suka fita daga birane irin su Filadelfiya zuwa sababbin unguwanni kamar Levittown da aka fara ginawa a 1952. Kotu ta soke takardar mallakar Hollingshead a wajajen 1950, kowa ya samu damar gina nasa ba tare da biyan kowa ba. Iyayen da ba su da mai reno suna zuba yara a kujerar baya da kayan barcinsu, a yi kallo, wanda barci ya ɗauke ya kwanta. Gonar masara a bakin titi kuwa ba ta da tsada.

Agogo

Wanda ya san gidajen sinima marasa rufi na Kano, irin su Rex da Palace, ya san cewa ba a farawa sai duhu ya yi. Amma a Kano rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 7 duk shekara. Pennsylvania tana can arewa, inda kwanakin zafi, wato lokacin da mutane ke son zama a waje, su ne masu dogon yini. A ƙarshen Yuni, da agogon asali, rana tana faɗuwa a Allentown da misalin 7:35 na yamma. Sai dokar tarayya ta 1966 ta daidaita tura agogo gaba da awa ɗaya a watannin zafi a kusan duk ƙasar, ta fara aiki a 1967. Da agogon da aka tura gaba, faɗuwar ranar tana kaiwa 8:35, kuma allo ba ya nuna hoto sosai sai wajen ƙarfe 9.

A duba abin da wannan awa ɗaya ta yi. Al'adar waɗannan wurare ita ce fim biyu a tikiti ɗaya. In an fara ƙarfe 9, na farko ya ƙare wajen 11, a yi hutun sayen abinci, na biyu ya ƙare bayan ƙarfe 1 na dare. Uban da zai tashi aiki da asuba da uwar da ke da yara ƙanana, waɗanda su ne asalin kwastomomi, suka fara ja da baya a ranakun aiki. Sinima mai rufi tana haska fim sau huɗu ko biyar a yini, kowane wata na shekara. Ta fili sau ɗaya ce a dare, daga Afrilu ko Mayu zuwa Satumba ko Oktoba, in ruwa ko hazo bai ɓata daren ba.

Ƙasa

Nan ne asalin maganar. Filin da zai ɗauki mota 500 yana cin eka 10 zuwa 15, shimfiɗaɗɗiya, a bakin babban titi, da wutar lantarki da hanyar shiga mai faɗi. Waɗannan siffofi su ne daidai abin da mai gina rukunin kantuna yake nema. A 1950 filin yana bayan gari. Zuwa 1975 gari ya iso shi ya wuce, harajin fili ya tashi da darajar unguwar, ba da abin da sinimar ke samu ba. A ƙaddara wuri yana buɗewa dare 130 a shekara, awa 5 kowane dare. Awa 650 ke nan cikin awa 8,760 na shekara, bai kai kashi 8 cikin 100 ba. Sauran lokacin ƙasa tana kwance, haraji yana tafiya.

Da yawa daga cikin masu sinimar ba su ma mallaki filin ba, haya suka ɗauka ta shekara 20 ko 30. Hayar da aka sa wa hannu a farkon shekarun 1950 ta ƙare daidai lokacin da masu kantuna ke yawo da takardar banki. Mai fili ba ya buƙatar dogon tunani. Wanda kuma ya mallaki nasa, ya tsufa, 'ya'yansa sun kama wasu sana'o'i, tayin da aka yi masa ya fi abin da zai tara a shekara ashirin na sayar da gugguru. Sinimomi da yawa an rufe su suna cin riba. Ribar ce ba ta kai kuɗin ƙasar ba, kuma wannan ne abin da masu ɗora laifi kan talabijin kaɗai suke tsallakewa.

Sauran dalilan sun zo sun taras da mai rauni. Tsadar mai ta 1973 ta kawo ƙananan motoci masu matsattsun kujeru. Kamfanonin fim sun daɗe suna hana filaye sababbin finafinai sai sun gama zagaya gidaje masu rufi, don haka wasu suka koma haska na tsoro da na batsa don su rayu, abin da ya kori iyalai ya kuma jawo rigima da hukumomin gari, har ta kai Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1975 kan wata dokar birnin Jacksonville game da abin da ake hangowa daga titi. Talabijin ta kebul kuwa ’yar gida ce a wannan yanki: ana danganta farkonta da garin Mahanoy City a 1948, inda duwatsu ke tare sigina, kuma tashar HBO ta fara watsa finafinai ne ga ’yan ɗaruruwan gidaje a Wilkes-Barre a Nuwamban 1972.

Kwatanta jihohin biyu yana nuna ƙarfin maganar ƙasa. New Jersey, inda aka haifi abin, ita ce jiha mafi cunkoson jama'a a Amurka, kuma zuwa 1991 ba ta da ko ɗaya. Sai a 2004 aka sake buɗe Delsea a Vineland, can kudu cikin gonaki, wadda aka gina a 1949 aka rufe a 1987. Pennsylvania kuwa tana da sama da 20 har yanzu, tana cikin jihohin da suka fi kowa, kuma mafi yawansu suna ƙananan garuruwan kwal da na noma inda farashin ƙasa bai yi tashin gwauron zabo ba. Becky's tana hannun iyalin William Beck, wanda ya fara haska fim a yankin a 1939 ya koma filin yanzu a 1946. Iyali guda, fili nasu, ’ya’ya da jikoki a bakin ƙofa da ɗakin girki.

Lissafin dare ɗaya

Mai sinima ba ya sayen fim, haya yake yi, kuma kamfanin da ya yi fim ɗin yana karɓar kaso daga kuɗin tikiti, sau da yawa rabi ko fiye a makonnin farko na babban fim. Ga misali don a ga siffar lissafin. Daren Asabar mai kyau, mota 200, mutum uku a kowace, tikiti dala 12: an tara dala 7,200. In kamfani ya ɗauki kashi 55, saura dala 3,240. In kowane mutum ya kashe dala 7 a gugguru da soyayyen dankali da lemo, dala 4,200 ke nan, a cire kuɗin kayan girki kamar kashi 30, saura kusan 2,900, kuma babu kamfanin fim da ke da ko sisi a ciki. Yanzu a ɗauki daren Talata da aka yi yayyafi, mota 20 kacal. Abin da ya rage daga tikiti bai kai dala 350 ba, ga albashin mai ƙofa da mai majigi da masu girki, ga wuta.

Shi ya sa hutun da ke tsakanin fim biyu yake da muhimmanci fiye da yadda mai kallo ke zato. Cikin minti 10 zuwa 20 ake son a sallami ɗaruruwan mutane, don haka layin abinci da ya tsaya cak asara ce kai tsaye. Shi ya sa kuma ake buɗe ƙofa awa ɗaya ko biyu kafin duhu, ana ajiye lilo da wurin wasan yara a gindin allo: iyalin da ya zo da wuri a nan zai ci abincin dare. Wasu wuraren, har da Delsea, suna karɓar kuɗi daga wanda ya zo da abincinsa daga gida. Masu kallo suna gunaguni, amma wanda ya duba lissafin da ke sama ya san ba zalunci ba ne.

Akwai wani tarko kuma. Kamfanin fim yakan sa sharaɗin a riƙe babban fim mako biyu ko uku ko fiye. Gidan da ke da ɗakuna goma ba ya jin komai. Mai allo ɗaya a ƙaramin gari, duk wanda zai kalla ya kalla a makon farko, sauran makonnin fili wayam, ga shi damina ɗaya ce ta kasuwa. Maganin shi ne allo na biyu a ɗaya gefen filin, kamar yadda Becky's ta yi, ana raba motoci gida biyu da ɗakin girki guda. Wasu kuma suna sa ƙasar aiki da rana: Circle da ke Dickson City kusa da Scranton tana mayar da filinta kasuwar gwanjo ranar Lahadi, kowane mai kaya ya biya kuɗin wurin da zai baje.

Shekarar 2013

Waɗanda suka tsallake duk wannan sai ga wata sabuwa. Kamfanoni suka daina buga fim a kan leda mai faɗin milimita 35, domin kwafi ɗaya yana cin fiye da dala 1,000, alhali ma'ajiyar kwamfuta mai ɗauke da fim ɗin ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. A ƙarshen 2013 Paramount ta zama babban kamfani na farko da ya yanke ledar a Amurka. Duk mai son sabon fim dole ya sayi majigin dijital, kuma a lokacin na fili yana kai wa dala 70,000 zuwa 80,000 kowane allo.

Dalilin tsadar haske ne. Allon ɗaki mai faɗin mita 12 da tsayin mita 5 murabba'in mita 60 ne. Na fili mai mita 30 da 13 ya kai 390, ninki shida da ɗoriya. Haske ɗaya in an shimfiɗa shi a kan wannan faɗi, kowane ɓangare kashi ɗaya cikin shida yake samu, ga farin wata, ga fitilun titi, ga hasken gidan mai na maƙwabta. Don haka sai majigi mafi ƙarfi a kasuwa, mai ƙwan fitilar zenon na kilowat 6 ko 7, wanda ke ƙarewa cikin ’yan ɗaruruwan awoyi, kuma tun kafin ya mutu haskensa yana raguwa. Fim mai yawan duhu, irin na tsoro ko na sararin samaniya, shi ne ya fi tona asirin tsohon ƙwai. Ɗakin majigin ma sai an sake shi. Tsohon injin leda ƙarfe ne da giya da mai, bai damu da ƙura ko sanyi ba. Na dijital kwamfuta ce: sai an toshe tagar da gilashi na musamman, a sa na'urar sanyaya ɗaki, a ja bututun fitar da zafi, a tace iska saboda ƙurar tsakuwa da ƙwarin da haske ke jawowa. Fim ɗin kuma a kulle yake zuwa. Ana aiko mabuɗinsa daban ta intanet, wanda ke aiki a na'ura guda tak, daga rana kaza zuwa rana kaza. In an yi kuskuren lamba ko kwanan wata, ranar Juma'a da dare motoci sun cika fili, fim yana cikin na'ura amma ba ya buɗuwa.

Shankweiler's ya sauya a 2013. Wasu sun ci bashi, wasu sun nemi gudummawar jama'ar gari, kamfanin Honda ya raba majigai da ba su wuce goma ba ta hanyar ƙuri'ar masu kallo a faɗin ƙasar. Wasu suka rufe.

Hanyar Mahoning

Mahoning, wadda aka buɗe a 1949, ba ta da kuɗin sauyawa. Mai majiginta Jeff Mattox ya karɓi ragamar wurin a 2014, shi da wasu matasa masu son fim suka yanke shawarar da mutane da yawa suka ɗauka ganganci ce: a ci gaba da leda, a daina bin sababbin finafinai, a riƙa haska tsofaffi da injinan Simplex na ainihi da ke ɗakin tun buɗewa. A ganina wannan ita ce dabara mafi kaifi da aka yi a yankin, domin ta fitar da wurin daga gasar da ba zai taɓa ci ba. Sabon fim ana samunsa a kowane gari. Tsohon fim a kan leda, a allo mai faɗin fiye da ƙafa 100, sai wurare ƙalilan, don haka mutane suke tuƙo mota daga New York da Filadelfiya da jihohi masu nisa, su kafa tanti su kwana a filin, su ci abincin wurin dare biyu a jere.

Aikin kansa na hannu ne. Ledar tana gudu hoto 24 a daƙiƙa, ƙafa 90 a minti. Naɗi ɗaya ƙafa 2,000 ne, kimanin minti 20, don haka fim na awa biyu naɗi shida ne, leda fiye da kilomita uku. Injina biyu ne a jere. Yayin da na farko ke haskawa, mai majigi ya zura naɗi na gaba a na biyu ya tsaya yana kallon kusurwar sama ta dama ta allo. Ɗigon farko yana bayyana saura kamar daƙiƙa takwas, ya tayar da inji na biyu. Ɗigo na biyu yana fitowa, ya juya hoto da sauti lokaci guda. In ya makara, allo ya yi fari ko lambobi su fito. Wannan tsohon salo ya zama alheri, domin ma'ajiyoyin finafinai da masu tara kwafi ba sa yarda a yanka ledarsu a manne ta wuri guda kamar yadda gidajen zamani suka riƙa yi, sun fi ba mai injina biyu aro.

Abin da ke lalacewa sananne ne. Kwafin da aka buga kafin farkon shekarun 1980 launinsa yakan koɗe ya koma ja-ja. Ledar asitet da aka ajiye a wuri mai zafi da laima tana fara warin tsami, ta ƙanƙance ta lanƙwashe, hoto ya ƙi tsayawa daram. Zafin fitilar da fili ke buƙata yana kumbura ledar a bakin tagar injin da haske ke fita, shi ya sa injinan fili suke da sanyaya ta ruwa ko ta iska. Ledar foliyesta ta shekarun baya kuma ba ta tsinkewa, in ta maƙale sai ta lalata haƙoran inji. Kayan gyara ba a ƙera su yanzu, sai a ciro daga matattun injina. Masu sanin aikin ma suna ƙarewa. Mattox ya rasu a 2024, waɗanda ya koya wa suka ci gaba.

Duk da wannan nasara, maganar ƙasa ta dawo. A lokacin Mahoning hayar filin take yi, kuma a Yulin 2021, ana tsakiyar kasuwa, labari ya fito cewa wani kamfanin lantarkin hasken rana ya shirya karɓar filin ya shimfiɗa faranti. Masu kallo suka yi ca a intanet da wajen hukumar gari, cikin ’yan kwanaki kamfanin ya janye. Wurin da ke cika maƙil ya kusa tafiya saboda takardar da ba sunansa a kai. Shi ma Shankweiler's ya yi shekaru a kasuwa, a yankin da manyan rumbunan ajiye kaya ke cinye gonaki, kafin wasu masu sana'ar haska fim su saye shi a ƙarshen 2022, suka kuma fara buɗewa har cikin hunturu, lokacin da duhu ke yi tun kafin ƙarfe 5.

Annobar korona ta 2020 ta cika filayen, domin a wurare da yawa kusan su kaɗai ne wuraren kallo da aka bari, har aka riƙa yin bikin kammala makaranta da taron ibada a cikinsu. Amma ba ta canza lissafin ba. Abin da ta bari shi ne gajarta tazarar da ke tsakanin fitowar fim a sinima da isarsa gida, daga kimanin kwana 90 zuwa 45 ko ƙasa da haka.

Motar zamani da majigin da ya tsufa

Na'urar watsa sautin FM ta fili ƙarama ce, domin dokar hukumar sadarwa ta Amurka ta taƙaita mai watsawa ba da lasisi ba ga ƙarfin da bai wuce ’yan mitoci goma-goma ba, don haka inda aka kafa eriya yana da tasiri, layukan gefe su ne ke fara jin shuu. Motar yanzu kuma ba a yi ta don wannan zama ba. Tana kashe rediyo da kanta bayan ’yan mintoci, fitilun gabanta suna kamawa da zarar an tayar da inji, allon gaban direba yana haske a ido. Dabarar da aka saba ita ce a ja birkin hannu kafin a kunna, wanda ke kashe fitilun rana a wasu motocin, in ya ƙi a rufe su da kwali ko baƙar leda. Sauraro ta waya ba ya yi, domin intanet yana jinkirta sauti ya bar hoto. Awa huɗu da rediyo a kunne yana shanye batir mai rauni, shi ya sa kowane fili yake da na'urar jona batir a ɗakin girki, yake kuma ba da hayar ƙaramar rediyo.

Babban kuɗin da ke tafe shi ne majigan da aka saya a 2013, waɗanda yanzu sun haura shekara goma. Cikinsu akwai ’yar na'urar tsaro mai riƙe da shaidar da ke buɗe fim, kuma ƙaramin batir ne ke raya ta. In an kashe na'ura tsawon hunturu batirin ya mutu, shaidar ta goge, sai an sayi sabuwar na'urar tsaro ta dubban daloli, idan ma kamfanin bai daina ƙera ta ba. Don haka masu fili suke ɗumama ɗakin majigi suna kunna shi lokaci-lokaci ko da dusar ƙanƙara ta rufe filin. Majigin leza da ke maye gurbinsu ba ya buƙatar canjin ƙwai, haskensa yana kai awa 20,000 ko fiye, kuma ya fi ƙarfi a kan babban allo. Gidan da ke haskawa awa goma sha biyu kullum yana mayar da kuɗinsa daga rarar wuta da ƙwai cikin ’yan shekaru. Fili mai awa 600 a shekara zai biya farashi ɗaya, amma kayan lantarkin cikin na'urar za su tsufa tun bai ci kashi ɗaya cikin uku na hasken da ya saya ba.